Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Eriyar Waifai a Gida, Daga Zangunan Kumasi

Na tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin matasa da magidanta da ke zuwa wurin aikina a Aboabo, wasunsu daga Asawase da Akwatia Line da Tafo Zango. Damuwarsu kusan iri ɗaya ce: akwai intanet a shagon wa, ko gidan kawu, ko makarantar Islamiyyar unguwa, an yarje musu su yi amfani da shi, amma siginar ba ta isowa ɗakinsu, kuma kuɗin sayen data kullum ya fi ƙarfin aljihu. Na fara da tambayoyin da sabon shiga ke yi, sannan na gangara zuwa ga awo da lissafi.

Malam, da gaske ne gwangwani na iya jawo intanet kyauta daga sama?

Ba gaskiya ba ne, kuma gara a faɗi wannan tun farko domin kada wani ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa. Eriya ba ta ƙirƙirar intanet. Dole ne a can ɗaya ɓangaren akwai na'urar rawuta da ke watsa waifai, wadda mai ita ya biya kuɗin layinta ga MTN ko Telecel ko wani kamfani, kuma ya ba ka lambar sirrinta. Abin da eriyar gida ke yi shi ne ta haɗa ka da wannan rawuta daga nesan da wayarka ko kwamfutarka ba za ta iya kaiwa da kanta ba. Idan layin can ya yanke, kai ma ka yanke. Waɗanda suka tuna ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace har aka shiga wahala a Gana da maƙwabtanta, sun san cewa a ranar babu eriyar da ta ceci kowa. Game da izini kuwa, a duba amsar da ta shafi doka a ƙasa.

To mene ne aikin eriyar, tunda ba ta ƙara wa na'ura wuta?

Ka ɗauki kwan fitila da aka rataye a tsakar gida: haskensa yana bazuwa ko'ina, amma bai kai bakin titi ba. Idan aka sa kwan nan a cikin tocila mai madubi, wutar ba ta ƙaru ba, sai dai an tattara hasken waje guda, har ya haska bangon da ke can nesa. Ƙaramar sandar da ke jikin rawuta kamar kwan tsakar gida take, eriyar gwangwani ko ta kasko kuwa kamar tocila.

Ana auna wannan tattarawa da ma'aunin desibel, wanda ake rubutawa dBi. Sandar rawuta ta yau da kullum tana da kusan dBi 2, gwangwanin da aka auna daidai yana ba da tsakanin 8 zuwa 12, babban kwanon talabijin kuma yana haura 20. Ƙa'idar da ya kamata a riƙe ita ce, ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sigina sau biyu, ƙarin 6 kuma yana ninka nisa sau biyu idan babu abin da ya tare hanya. Wani alherin eriya shi ne tana aiki ta fuska biyu, wato tana ƙarfafa abin da ka aika, tana kuma ƙarfafa abin da ka karɓa. Saboda haka na fi son ta a kan na'urorin ƙara wuta da ake tallatawa, domin su ihu kawai suke ƙara maka, ba sa gyara maka kunne yadda ya kamata, kuma suna damun maƙwabta.

Nisan nawa zan iya kaiwa?

Ya danganta da abin da ke tsakaninku fiye da irin eriyar. Idan kana hango rufin da rawutar take da idonka, kuma an fito da ita waje ko bakin taga, gwangwani guda a ɓangarenka zai iya kai ka ɗaruruwan mitoci. Idan aka sa eriya mai fuskantar juna a ɓangarorin biyu, ana iya yin kilomita ɗaya ko fiye. Idan kuwa rawutar tana cikin ɗaki, bayan bangon bulo biyu da rufin kwano, ko mita 100 sai an yi da gaske.

Mutane kan kawo mini labarin Ermanno Pietrosemoli, wanda ya haɗa waifai tsawon kilomita 382 a ƙasar Benezuwela a shekarar 2007. Labarin gaskiya ne, amma tsakanin kawunan duwatsu biyu masu tsayi aka yi shi, da manyan kwanuka da na'urorin da aka gyara wa manhaja musamman. Darasin da ke cikinsa a gare mu shi ne tsayi da sararin hanya, kamar yadda zan yi bayani a amsar bishiyoyi da rufi.

Wane irin gwangwani ya dace? Na ji ana cewa na Milo, wasu na cewa na madara.

Sunan da ke jikin gwangwani ba shi ne abin dubawa ba, faɗin bakinsa ne. Dattawanmu da suka saba kama tashoshin gajeren zango a mita 31 ko mita 49 sun san cewa kowace igiyar rediyo tana da tsawonta. Waifai na gigahaz 2.4 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) igiyarsa ba ta wuce kusan santimita 12.3 ba, kuma duk awon eriyar daga wannan lamba yake fitowa. Idan faɗin gwangwani ya gaza kusan santimita 7.3, igiyar ba za ta iya ratsa cikinsa ba sam. Idan ya wuce santimita 10 sosai, sai ta rarrabu a ciki, ƙarfin ya ragu. Mafi dacewa shi ne tsakanin 8.5 da 10.

Don haka ƙaramin gwangwanin madarar ruwa bai isa ba, ga ƙanƙanta ga gajarta. Gwangwanayen Milo da Nido matsakaita sukan zo kusa da awon da ake so, amma ka sa rula ka auna daga ciki zuwa ciki kafin ka huda komai, domin girmansu ya bambanta. Tsawo ma yana da muhimmanci: mai faɗin santimita 10 yana buƙatar aƙalla tsawon 13.5, mai faɗin 8.5 kuma aƙalla 17.5. Idan naka ya gaza, ana cire gindin wani irinsa a liƙa su baki da baki da dalma. Dole ya zama na ƙarfe, marar lotsawa, marar tsatsa a ciki. Kwalin soyayyen dankali mai shafin azurfa da ake gani a hotuna, ni dai ban taɓa ba kowa shawarar sa ba, saboda ya yi siriri kuma damina ɗaya za ta gama da shi.

Yaya ake haɗa shi, mataki bayan mataki?

Kayan da ake buƙata kaɗan ne: gwangwanin, da soket na eriya nau'in N mai ɗaurin noti, da guntuwar wayar jan ƙarfe mai kauri irin ta wayarin gida, da gajeren kebul mai kan N a gefe guda da kan RP-SMA a ɗaya gefen, wanda shi ne ke shiga inda ake kwance sandar rawutar da ke ɓangarenka. Masu sayar da kayan lantarki a Adum da kewayen Kejetia ne wurin neman soket da kebul, kuma yana da kyau ka tafi da sandar rawutarka a hannu don a gwada, domin kan SMA da na RP-SMA sun yi kama ƙwarai amma ba sa haɗuwa.

Ka fere robar wayar, ka miƙar da ita, ka liƙa ta da dalma a tsakiyar soket, sannan ka yanke ta yadda abin da zai tsaya a cikin gwangwani ya zama milimita 31 daidai, a auna daga jikin bangon gwangwanin. Wannan shi ne rubu'in tsawon igiyar. Sai wurin huda ramin da soket zai shiga, wanda a nan ne mafi yawan mutane ke kuskure, domin nisansa daga gindin gwangwani yana canzawa da faɗinsa. Idan faɗin santimita 10 ne, ka huda a santimita 4.4 daga gindi. Idan 9 ne, a 5.1. Idan 8.5 ne, a 5.8. Ka lura cewa ƙanƙantar gwangwani tana tura ramin gaba, ba baya ba. Ka kankare fentin da ke kewaye da ramin har ƙarfe ya fito, don jikin soket ya taɓa gwangwanin sosai, sannan ka ɗaure.

A farkon koyona na taɓa huda gwangwani uku a jere ina bin awon da aka yi wa wani faɗi daban, siginar ta ƙi ƙaruwa, har na fara zargin rawutar. Kuskuren bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Tun daga lokacin nake auna sau biyu kafin in ɗauki ƙusa, kuma nake roƙon yaran da ke koyo a wurina su rubuta lambobin a jikin gwangwanin kafin su fara.

Ina da tsohon kwanon talabijin na tauraron ɗan'adam a kan rufi. Zai yi amfani?

Zai yi, kuma shi ne mafi ƙarfin abin da talaka zai iya samu ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Kwano mai faɗin santimita 60 yana ba da kusan dBi 20 a gigahaz 2.4, mai 90 kuma kusan 24. Wanda ba shi da shi zai iya samun tsoho a wurin masu gwangwan na Akwatia Line, muddin bai lanƙwashe ba. Ana cire ƙoƙon da ke karɓar siginar talabijin daga bakin hannun kwanon, a ɗaura gwangwanin a gurbinsa, bakinsa yana kallon tsakiyar kwanon.

Akwai abu ɗaya da ke rikita mutane. Irin waɗannan kwanuka an ƙera su ne yadda suke kallon sama fiye da yadda ido ke gani, da kusan digiri 20 zuwa 25. Idan ka tsayar da shi cak yana fuskantar gidan da kake nufi, to gajimare yake kallo. Sai ka sunkuyar da shi ƙasa, har ya zama kamar tsakar gida yake duba, kafin ya daidaita da rufin can.

Kaskon suya mai zurfi ko rariyar ƙarfe ma suna aiki, idan ramukan ba su wuce kusan santimita ɗaya ba. A nan ba a buƙatar dalma ko soket: ƙaramar na'urar waifai ta USB ake ɗaurawa a wurin da igiyoyi ke taruwa. Ana gano wurin da lissafi mai sauƙi, wato a ninka faɗin kaskon da kansa, a raba da zurfinsa sau 16. Kasko mai faɗin santimita 40 da zurfin 10, matattararsa tana santimita 10 daga tsakiyar gindinsa. Wannan dabara ta yaɗu a Indonesiya da Niyuzilan tun shekarun 2000, kuma ita nake fara nuna wa ɗalibi mai kwamfutar tafi-da-gidanka.

Akwai wadda ba ta da girma kamar waɗannan?

Akwai eriya mai murabba'i biyu. Ana lanƙwasa wayar jan ƙarfe guda ta zama murabba'i biyu masu haɗuwa a kusurwa, kowane gefe kusan milimita 31, a tsayar da ita milimita 15 a gaban farantin ƙarfe mai santimita 12.3 kowane gefe. Ƙarfinta ya yi daidai da na gwangwani mai kyau, tana shiga cikin robar abinci mai murfi, kuma ta dace da gaban kwanon talabijin. Sai dai tana son hannu mai natsuwa wajen lanƙwasa da liƙi, don haka wanda bai saba ba ya kai wa mai gyaran rediyo.

Zan iya jawo kebul ɗin talabijin daga rufi zuwa ɗakina?

Kada ka yi. Wannan ita ce hanyar da aka fi asarar duk abin da eriya ta samo. Kebul ɗin talabijin na om 75 ne (om ma'aunin turjiyar lantarki ne), na'urorin waifai kuwa na om 50 ne, ba su dace da juna ba. Ko siririn kebul RG-58 da ya dace, yana cinye kusan desibel ɗaya a kowace mita a wannan zango. Ke nan mita 10 sun shanye duk ribar gwangwaninka. Mai kauri irin LMR-400 bai cin ko rubu'in haka, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba.

Hanyar da ta fi ita ce a kai rawutar ɓangarenka kanta sama, a sa ta cikin akwatin roba kusa da eriya, kebul ɗin da ke tsakaninsu kada ya wuce rabin mita. Daga nan sai a sauko da kebul ɗin sadarwa na kwamfuta, wanda ke tafiya har mita 100 ba tare da asara ba, kuma da ƙaramar na'urar PoE ana iya tura wuta ta cikinsa. Mai amfani da USB ya sani cewa iyakarsa mita 5 ce, sai in ya sami kebul mai ƙarfafa sigina a jikinsa.

Na haɗa komai daidai, amma akwai bishiyar mangwaro da benen maƙwabci a tsakani. Me zan yi?

Ka ɗaga eriyar, ko ka canza mata wuri. Ganye cike yake da ruwa, ruwa kuwa yana shanye igiyar gigahaz 2.4, shi ya sa haɗin da ke aiki lafiya a watan Janairu kan fara yankewa idan ruwan Afrilu da Mayu ya sauka, bishiyoyi suka yi lif. Rufin kwano kuma mayar da igiyar yake yi baya kamar madubi. A unguwanninmu da gidaje ke manne da juna, ga Kumasi gari ne mai tudu da kwari, wanda ke gangaren rafin Aboabo ba zai yi daidai da wanda ke kan tudu ba ko da kayansu iri ɗaya ne.

Hango wurin da ido kaɗai ma bai wadatar ba. Igiyar ba ta tafiya kamar zare, tana buƙatar sarari kewaye da layin, mai kumburi a tsakiya kamar ƙwallon gwanda, wanda masana ke kira yankin Firenel. A nisan kilomita ɗaya, kumburin ya kai kusan mita 5.6 daga layin a tsakiyar hanya, a kilomita biyu kuma kusan mita 8. Ana son aƙalla kashi 60 cikin 100 na wannan sarari ya zama babu komai. Wato a kilomita ɗaya, layin ya wuce saman rufi ko bishiyar da ke tsakiya da mita uku da rabi. A ganina bututun ƙarfe mai ƙarin mita uku ya fi canza eriya amfani sau da yawa.

Yaya zan san na saita ta daidai?

Kada ka dogara da sandunan sigina da ke fuskar waya. Ka buɗe shafin rawutar ko wata manhajar auna waifai, ka duba lambar dBm, wato ma'aunin ƙarfin siginar da ke isowa. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma ƙanƙantarta ce alheri: -55 ta yi kyau sosai, -67 ta isa kiran bidiyo, -80 kuwa haɗin zai riƙa yankewa. Mutum ɗaya ya juya eriyar a hankali, wani ya riƙa karanta lambar, a dakata daƙiƙu kaɗan bayan kowane motsi. Idan sandar rawutar can a tsaye take, to wayar da ke cikin gwangwaninka ma ta tsaya a tsaye, domin idan ɗaya na tsaye ɗaya na kwance asarar tana da yawa. A ƙarshe, a roƙi mai rawutar ya kafe ta a tasha ta 1 ko 6 ko 11, wadda ta fi ƙarancin cunkoso a unguwar.

Wayar hannu kawai gare ni. Ina zan soka eriyar?

Wayoyin zamani ba su da wurin soka eriya, kuma manna musu waya ko takardar azurfa a baya ba ya haifar da komai. Abin yi shi ne a sami rawuta mai sandar da ake kwancewa, wadda ke iya aiki a matsayin mai karɓa, a haɗa ta da eriyar a sama kamar yadda na faɗa a amsar kebul, sannan wata ƙaramar rawuta a ɗaki ta watsa wa wayoyin gida. Wanda kuma siginar layin waya ta 4G yake son ƙarfafawa, ya sani awon da na bayar ba nasa ba ne. A megahaz 800, inda MTN ta fara 4G a Gana, tsawon igiyar santimita 37.5 ne, gwangwanin Milo ba zai ɗauke ta ba.

Ruwan sama da tsawa da hazon hunturu fa?

Ruwan da ke zuba a sarari ba ya rage siginar gigahaz 2.4 sosai a irin wannan ɗan nisa, haka ma ƙurar hunturu. Ɓarnar tana zuwa ne idan ruwa ya shiga soket. Ka naɗe mahaɗar da tef mai kyau, ka rufe bakin gwangwanin da murfin roba, ka huda ƙaramin rami a ƙasansa don raɓa ta fita, ka shafa fenti a waje kawai.

Tsawa kuwa maganar rai ce. Bututun ƙarfe da ya fi kowane rufi tsayi yana buƙatar waya mai kauri da ta sauka kai tsaye zuwa sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, kuma idan hadari ya haɗu a zare kebul daga ɗaki. Kada a ɗaga bututu kusa da wayoyin kamfanin wutar lantarki na ECG ko kaɗan; a auna yadda ko ya faɗi ba zai taɓa su ba. Kada kuma a leƙa cikin gwangwani da ido alhali na'urar tana kunne. Saboda ɗaukewar wuta, ƙaramin batirin rawuta na volt 12 yana taimakawa, amma sai an sa shi a ɓangarorin biyu.

Doka ta yarda da wannan?

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCA, ita ke kula da igiyoyin rediyo a Gana ƙarƙashin dokar sadarwa ta 2008, mai lamba 775. Zangon waifai a buɗe yake ga amfanin gida, amma akwai iyakar ƙarfin da aka yarda a watsa, kuma ribar eriya tana cikin lissafin. Wanda ya sa babban kwano ya rage wutar na'urarsa daga shafinta, haɗin ma ya fi tsabta a haka. Wanda ke son sayar wa unguwa intanet ya zama sana'a, ya fara neman izinin hukumar, ya kuma karanta sharuɗɗan kamfanin da ya ba shi layin.

Shiga waifai na wani ba da saninsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar mu'amalar lantarki ta 2008, mai lamba 772, kuma ko ba doka, cin haƙƙin maƙwabci ne, tunda kuɗinsa ke ƙonewa. Duk wanda ya zo mini da maganar fasa lambar sirri, nakan ce masa ya je ya yi sallama da mai gidan, su yi yarjejeniyar raba kuɗin wata. Yin haka ma ya fi ta fuskar aiki, domin mai rawutar zai yarda a fito da ita bakin taga ko a sa eriya a ɓangarensa.

Ba gara in sayi ta kamfani ba?

Idan nisan ya wuce kilomita biyu, ko kuma sana'arka ta dogara da haɗin, to gara ka tara kuɗi ka sayi na'urorin waje guda biyu irin na Ubiquiti ko MikroTik ko TP-Link. Suna zuwa da eriya da rediyo a akwati ɗaya mai jure ruwa, da yawansu suna aiki a gigahaz 5 inda cunkoso ya yi sauƙi, kuma suna da wurin saita nisa, abin da rawutar gida ba ta da shi, shi ya sa takan yi sanyi a doguwar hanya ko da sigina ta cika. Ana iya yin gwangwani na gigahaz 5, mai faɗin kusan santimita 4 da waya ta milimita 13 zuwa 14, amma a wannan ƙanƙanta kuskuren milimita ɗaya ma yana bayyana.

Idan kuwa tsakanin gida da shago ne, ko tsakanin makaranta da gidan malami a unguwa ɗaya, eriyar gida ta wadatar. Ko wanda ya yi niyyar saye, ina ba shi shawara ya fara hawa rufin da kasko da na'urar USB, ya auna lambar dBm a kusurwoyi daban-daban da safe da yamma, ya rubuta, domin da wannan takarda zai san tsayin bututun da zai saya da kuma wurin da zai kafa shi.